Darasi: Wutar Girki Daga Kashin Shanu Da Ƙananan Halittun Da Ke Samar Da Ita

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (SWT) da Ya halicci abin da muke gani da wanda idonmu ba ya iya gani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Darasinmu na wannan fitowa a kan wutar girki yake. Watakila kin taɓa jin ana cewa akwai gidajen da ke girki da gas ɗin da aka samo daga kashin shanu da ragowar abinci, wanda masana ke kira bayogas. Mata da yawa in sun ji haka tambaya uku suke yi: shin gaskiya ne? Ba shi da haɗari? Kuma abincin da aka dafa da shi mai tsarki ne? Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, in sha Allahu.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Ke ce a gaban murhu, 'yar'uwa. Ke ce ke hura ɗanyen icce da damina ido na zubar da ruwa, yaro a goye a bayanki yana shaƙar abin da kike shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum kusan miliyan 3.2 ne suka mutu sanadin gurɓatar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga hayaƙin girki da icce da gawayi da kandilo da kalanzir take. Ciwon huhu ga ƙananan yara, tarin da ba ya jin magani ga tsofaffi, ciwon zuciya da yanar ido, duk hayaƙi yana da hannu a cikinsu. Ga kuma kuɗin makamashi da ke cin rabon cefane. Duk wata hanya da za ta rage mana wannan wahala ta cancanci mu zauna mu fahimce ta da kyau, kada a sayar mana da ita a makance, kada kuma mu ƙi ta a kan jahilci.

Mene ne wannan gas?

Duk abin da ya taɓa rayuwa, ganye ne ko tuwo ko kashin dabba, yana ruɓewa. In ya ruɓe a sarari inda iska ke kaɗawa, sai ya bushe ya koma taki. In kuwa ya ruɓe a rufe, inda iskar oksijin da muke shaƙa ba ta kai wa, kamar ƙarƙashin laka a kududdufi, sai wasu ƙananan halittu daban su karɓi aikin, su riƙa fitar da wata iska mai kama wuta da ake kira metan. Kumfar nan da kike gani tana tasowa daga ƙasan kududdufi in an taka lakar, ita ce. A shekarar 1776 wani masani ɗan Italiya mai suna Alessandro Volta ya tona lakar bakin wani tafki da sanda, ya tara kumfar a kwalba, ya kusanta mata wuta ta kama.

Abin da mutane suka yi daga baya shi ne kwaikwayon wannan. A gina rami ko tanki wanda iska ba ta shiga, a riƙa zuba kashin shanu da aka dama da ruwa ta kafa ɗaya, gas ya taru a sama a ja shi da bututu zuwa murhu, ruwan taki kuma ya fita ta ɗaya kafar. A cikin gas ɗin, kashi 50 zuwa 70 cikin 100 metan ne, mafi yawan sauran iskar kabon ce irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, sai ɗan abin da ke ba shi warin ruɓaɓɓen ƙwai. Harshen wutarsa shuɗi ne, ba ya baƙanta tukunya. A ƙasar Sin an gina irin waɗannan ramuka na gida sama da miliyan 40, a Indiya ma miliyoyi ne. A Ruwanda an yi manyansu a gidajen yari, aikin da ya ci kyautar Ashden a 2005. A nan gida kuma, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana gwaji a kansa.

Amma fa tun kafin kowa ya gina rami, Allah Ya riga Ya ajiye irinsa a turkenki. Tumbin saniya ko na tunkiya wuri ne rufaffe, mai ɗumi, mai damshi, cike da waɗannan halittu. Su ne ke narka mata harawa da kara, su ne kuma dalilin gyatsar da take yi. Shi ya sa ɗanyen kashin shanu ya fi komai kyau wajen fara sabon rami: da ma'aikatan a cikinsa yake fitowa. A Suratun Nahli, aya ta 66, Allah Ya ja hankalinmu zuwa ga cikin dabbobin ni'ima a matsayin wurin ɗaukar izina. Ga wani ɓangare na izinar ilimi ya buɗe mana.

Ma'aikata kashi huɗu a rami ɗaya

Ki ɗauki ramin kamar gidan biki ana shirin tuwo. Masu surfe daban, masu niƙa daban, masu tankaɗe daban, masu tuƙi daban. In kashi ɗaya suka tsaya, ba a ci tuwo ba. To, haka aikin yake a mataki huɗu.

Na farko, masu farfasawa. Waɗannan ƙwayoyin bakteriya ne da ke fitar da wani ruwa mai narka manyan abubuwa, su mai da sitaci da zaren ganye sukari, su farfasa mai da sinadarin gina jiki. In abin mai tauri ne kamar kara ko ɓawon gyaɗa, a nan aikin ke jinkiri. Itace kuwa kusan ba sa iya taɓa shi.

Na biyu, masu tsamarwa. Su ke karɓar sukarin su mai da shi ruwa mai tsami. Kin san irin aikinsu, domin danginsu ne ke sa madara ta zama kindirmo, su sa gasara ta yi tsami in ta kwana. Masu saurin hayayyafa ne, cikin 'yan awowi sun ninka.

Na uku su ke karɓar waɗancan tsame-tsamen iri-iri su mai da su abu kaɗan: tsamin khal, da iskar haidirojin, da iskar kabon.

Na huɗu su ne masu haifar da metan. Su ke cin tsamin khal ɗin, ko su haɗa haidirojin da kabon, su fitar da gas ɗin da kike girki da shi. Su ne mafiya muhimmanci, su ne kuma mafiya rauni. Wasunsu sai sun yi kwanaki kafin su ninka. Oksijin guba ce a gare su, tsami in ya yi yawa yana tsayar da su, sanyi kuma yana sa su kasala. Sun fi jin daɗi a zafin da ya kai awo 35 zuwa 37, wato daidai ɗumin jikinki.

Abin da bincike ya gano

Shekaru da dama masana na ɗaukar masu haifar da metan a matsayin bakteriya kamar saura. A 1977 Carl Woese da George Fox na Jami'ar Ilinoi a Amurka suka duba rubutun gadon da ke cikin jikinsu, suka tarar sun bambanta da bakteriya nesa ba kusa ba, har sai da aka ware musu babban reshe nasu a cikin halittu, ana kiransu arkiya. Akwai su a cikin hanjin ɗan Adam ma.

Shekara 10 kafin nan, a 1967, Marvin Bryant da abokan aikinsa a wannan jami'ar sun gano wani abin mamaki. Wata halitta da masana suka yi fiye da shekara 20 suna renonta a kwalba a kan cewa guda ɗaya ce, ashe biyu ne a manne. Ɗaya tana cin abinci tana fitar da haidirojin, amma in haidirojin ɗin ya taru sai ya shaƙe ta, ta kasa ci gaba. Ɗayar kuma abincinta ke nan, tana kwashe shi tana mai da shi metan. Ko wacce ba ta da zaman lafiya sai da 'yar'uwarta. Wannan dogaro da juna shi ne ginshiƙin mataki na uku da na huɗu.

A 2014 wata masaniya mai suna Amelia Rotaru tare da abokan aikinta a Jami'ar Masacuset suka nuna cewa wasu daga cikin waɗannan halittu ba sa ma buƙatar haidirojin a tsakaninsu. Suna miƙa wa juna ƙarfin lantarki kai tsaye, jiki da jiki, kamar an haɗa waya. Gwaje-gwaje na waɗannan shekaru sun kuma nuna cewa garin gawayi yana sauƙaƙa wannan miƙo, domin halittun na maƙalewa a jikinsa, lantarkin ya bi ta cikinsa. Daga nan masana a ƙasashe da yawa suka shiga gwada zuba gawayi a tankunan gas, kuma a gwaje-gwaje da dama gas ya fi saurin fitowa, ramin ya fi jure tsami.

A Ingila, masana a Jami'ar Sawthamton sun bi diddigin tankunan da ake ciyarwa da ragowar abinci zalla, waɗanda kan yi aiki watanni sannan su tsame su mutu. A 2012 suka bayyana cewa halittun na rasa wasu ma'adinai ne da suke buƙata ɗan mitsitsi, musamman seleniyam da kobal, kuma da aka ƙara musu sai tankin ya daidaita. Kashin dabbobi yana ɗauke da irin waɗannan ma'adinai, shi ya sa haɗa shi da ragowar abinci ya fi ko wanne shi kaɗai.

Yawancin waɗannan halittu sun ƙi rayuwa a kwalbar ɗakin gwaji, don haka masana suka koma karanta rubutun gadonsu kai tsaye daga cikin dagwalon tanki. A 2020 Stefano Campanaro na Jami'ar Padowa a Italiya da abokan aikinsa suka tattara bayanai daga tankuna masu yawa, suka fitar da nau'i kusan 1,600, kuma mafi yawansu ba a taɓa ba su suna ba. A 2024 kuma wasu masana a Amurka da Sin suka yi nasarar renon sababbin masu haifar da metan daga wasu rassan arkiya da a da ba a tabbatar suna wannan aiki ba, wasu daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yelosto, wasu daga rijiyar mai. Subhanallah! Cokali ɗaya na abin da muke toshe hanci a kansa, al'umma ce guda da har yau ana ƙirga ƙabilunta.

Amfanin wannan ilimi ga mai rami a gida

To, 'yar'uwa, duk wannan bayani ga inda ya nufa. Ramin gas abu ne mai rai, kiwonsa ake yi kamar yadda kike kiwon tunkiya.

Ki ciyar da shi kullum, daidai gwargwado. Kin san abin da ke faruwa in tunkiya ta ɓalle ta afka wa buhun hatsi ko ƙwaryar tuwo: cikinta ya tsame, ta kumbura, wani lokaci har a yanka. Haka ramin yake. In kika juye masa ragowar shinkafar biki gaba ɗaya, masu tsamarwa za su ninka cikin awowi, masu haifar da metan su kasa kwashe tsamin, sai ya kashe musu jiki. Alamarsa, gas ya ragu, wutar ta riƙa mutuwa, ruwan da ke fita ya yi warin tsami. Maganin farko shi ne a dakatar da abincin na wasu kwanaki, a ƙara ɗanyen kashin shanu, in bai farfaɗo ba a kira wanda ya gina.

Ana dama kashin da ruwa, awo ɗaya da awo ɗaya, a tsince duwatsu da kara da leda. Ɗanye ake so, kandilo ba ya bayar da abin kirki. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu, wato abin da shanu biyu zuwa uku da ke kwana a turke za su bayar a rana, yana samar da gas kimanin lita 1,000, wanda zai riƙe murhu ɗaya awa biyu zuwa uku. Abin da aka zuba yakan yi wata ɗaya ko fiye a ciki kafin ya fita.

Kada ruwan wanki mai omo, ko bilic, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta na wanke banɗaki ya shiga ramin. An yi su ne don kashe ƙananan halittu, ba su kuma san na amfani da na cuta ba. Haka kashin dabbar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, a ware shi har ta gama. Kashin kaji yana da ƙarfi ƙwarai, zallarsa yana cutar da masu haifar da metan, sai dai a gauraya kaɗan. Gawayin da muka ambata ma, har yanzu masana na gwada irin da ya dace da yawan da ya dace, don haka kada ki kwashi na murhu ki zuba, ya je ya toshe bututu.

In hunturu ya shigo gas zai ragu, ramin bai lalace ba, ma'aikatan ne suka ji sanyi. Ki riƙa dama abincinsa da rana da ruwan da ya sha hantsi. Sabon rami kuma yana ɗaukar makonni kafin ya kankama, gas ɗinsa na farko ma ba ya kamawa da kyau. Haƙuri ake yi.

Maganar tsarki

A mazhabar Malikiyya, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da tunkiya da akuya da raƙumi, masu tsarki ne, matuƙar dabbar ba najasa take ci ba. Daga cikin hujjojin malamai akwai izinin da Annabi (SAW) ya bayar na yin salla a makwancin tumaki. Saboda haka ramin da ake ciyarwa da kashin shanu da ragowar abinci babu wata damuwa a kansa.

Inda tambaya take shi ne ramin da aka haɗa da masai, domin bayan gidan ɗan Adam najasa ne babu saɓani. A nan malamai na duba abu biyu. Na ɗaya, sauyawar abu daga asalinsa zuwa wani abu daban, wanda ake kira istihala, kamar giyar da ta koma khal da kanta ta zama mai tsarki. Na biyu, hukuncin hayaƙi da tokar najasa. Shehu Halilu ya lissafa su cikin najasa a Muhtasar ɗinsa, amma Shehu Dardir a sharhinsa ya bayyana cewa abin dogaro a mazhaba shi ne tsarkinsu. Gas ɗin nan kuwa iska ce da halittu suka samar, tana ƙonewa a ƙarƙashin tukunya, ba ta shiga cikin abinci. Shi dai ruwan da ke fita daga irin wannan rami, ki ɗauke shi a matsayin najasa, in ya taɓa tufafi a wanke kafin salla. In zuciyarki ba ta natsu ba, ku tsaya a kan na kashin dabbobi, ku kuma kai tambayar ga malamin da kuka amince da iliminsa.

Hattara

Wannan sashe ki karanta wa maigida da yara. Kada kowa ya shiga cikin ramin gas, ko da an ce an kwashe shi, ko da wani abu mai daraja ya faɗa. Babu iskar numfashi a ciki, kuma iskar nan mai warin ƙwai in ta yi yawa tana kashe jin wari sannan ta sumar da mutum nan take. Sau da yawa a irin wannan haɗari, wanda ya shiga ceto shi ma a nan yake zama. Bakin ramin da kafofinsa su kasance a rufe saboda yara.

In kin ji warin gas a madafa, ki rufe makunnin, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki kyasta ashana. Ana neman inda yake yoyo da ruwan sabulu, a shafa a mahaɗar bututu, inda ya yi kumfa nan ne. Yoyo asara ce biyu, domin metan ɗin da ya tsere bai ƙone ba yana ɗumama duniya fiye da iskar kabon sau 25 da ɗoriya.

Ruwan takin da ke fita yana da kyau ga shuka, warinsa ma bai kai na ɗanyen kashi ba. Sai dai ɗumin ramin gida ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsar ciki musamman yana da taurin rai. A bar shi ya bushe ko ya ƙara ruɓa da ganye kafin a kai gona, kada kuma a zuba shi a kan latas da kabeji da sauran abin da ake ci ɗanye.

Kafin a sa hannu a aljihu

Ramuka da yawa a Afirka da Asiya an gina su da murna an bar su bayan 'yan shekaru, yawanci saboda ƙarancin kashi, ko ƙarancin ruwa, ko rashin mai gyara a kusa. Don haka ku zauna da maigida ku amsa waɗannan: Dabbobinmu a gida suke kwana duk shekara, ko suna tafiya kiwo da rani? Muna da ruwan da za mu ware bokiti biyu kullum? Wa zai riƙa damawa, ranar da ba ni da lafiya wa zai karɓe ni? Wanda zai gina, za mu iya zuwa mu ga wani da ya gina shekara biyu da suka wuce yana aiki? In gida ɗaya ba zai iya ba, makarantar Islamiyya mai ɗakin girki, ko ƙungiyar mata da ke kusa da kwata ko kasuwar dabbobi, za su iya yin na haɗin gwiwa. Ku tattauna wannan a taron reshenku.

Tambayoyin bita

1. Kawo matakai huɗu na aikin ramin gas, da misalin ko wanne.
2. Me ke faruwa in aka cika wa ramin abinci lokaci ɗaya, kuma mene ne maganin farko?
3. Mene ne hukuncin kashin saniya a mazhabar Malikiyya, kuma da wane sharaɗi?
4. Me za ki yi in kin ji warin gas a madafa?

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya kare lafiyarmu da ta 'ya'yanmu, Ya sa albarka a cikin gidajenmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.